Me ake nufi da "dukiyar gama-gari ta duniya"?

Idan lokacin babban taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zo, za ka ji ana ambaton "dukiyar gama-gari ta duniya" a labarai. Abin da ake nufi shi ne wurare da albarkatun da ba sa ƙarƙashin ikon kowace ƙasa, amma kowa na cin moriyarsu, kuma in ɗaya ya yi ɓarna sai ta shafi saura. Masana dokar ƙasa da ƙasa kan ambaci guda huɗu: tsakiyar teku, iskar da ta lulluɓe duniya, nahiyar ƙanƙara ta Antaktika, da sararin samaniya.

Ga mutumin Bauchi ko Gombe wannan ba baƙon abu ba ne. Hurumin gari da burtali da mashaya ba mallakin mutum ɗaya ba ne, malamai ma suna kawo hadisin da ya ce an yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Sai dai burtali yana da masu tsaya masa. Wanda ya sa garma ya ci gefensa, akwai ardo, akwai dagaci, akwai hakimin da za a kai ƙara gabansa. Duniya kuwa ba ta da dagaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ba gwamnati ba ce, ba ta da ɗan sandan da za ta tura ya kamo wata ƙasa. Abin da take da shi yarjejeniya ce, ita kuma ba ta hawa kan ƙasa sai ta sa hannu da kanta ta amince.

A teku, yarjejeniyar 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko a kan mil 12 na ruwa, da haƙƙin kifi da mai har zuwa mil 200. Bayan nan ba na kowa ba ne. Ma'adinan da ke ƙasan wannan ruwa an ayyana su gadon 'yan Adam baki ɗaya, aka kafa musu hukuma a birnin Kingston na ƙasar Jamaika. Amurka ba ta amince da yarjejeniyar ba har yau. Antaktika kuwa ƙasashe 12 ne suka fara ƙulla tata a 1959, suka hana harkar soja a can, daga baya a 1991 aka hana haƙar ma'adinai. Ta sararin samaniya kuma, ta 1967, ta hana kowace ƙasa ta ce farin wata ko wata duniyar nata ne.

Duk waɗannan sun yi mana nisa. Wadda ta shigo har cikin unguwa ita ce ta iska, kuma a shagon mai gyaran firij za ka gan ta. Tambayi wanda ya daɗe a sana'ar a Gombe irin gas ɗin da ake ɗurawa da, zai ce maka R12. Wannan gas da danginsa su ne suka riƙa cinye shimfiɗar ozon, wadda ke tare mana mummunan hasken rana mai jawo kansar fata da yanar ido. A 1987 aka ƙulla yarjejeniyar Montreal don a daina ƙera su. An ba ƙasashe masu tasowa irin Najeriya ƙarin lokaci har zuwa 2010, aka kuma buɗe asusu don taimaka musu su sauya. Yau in ka juya firij ka duba takardar da ke manne a bayansa, R134a ko R600a za ka gani. Shi R134a ɗin ma an gano yana ɗumama duniya, don haka a Kigali a 2016 aka amince a riƙa rage shi. Mai shago bai je Montreal ba, amma tukunyar gas ɗin da ke gefen bencinsa hukuncin can ce.

A ganina abin da ya sa wannan ta ci nasara bai wuce uku ba: masu ƙera gas ɗin ba su da yawa, an samu madadinsa, kuma an hana cinikinsa da ƙasar da ta ƙi shiga. Ƙin shiga sai ya zama asara. Babu ƙasar da ta rage a waje, masana kuma sun ce shimfiɗar na farfaɗowa.

Hayaƙin man fetur da gawayi fa? Nan ne ake yin ta. Yarjejeniyar Paris ta 2015 ta sa burin kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, in da hali ma a tsaya a 1.5. Amma kowace ƙasa ita ke yanka wa kanta abin da za ta rage, kuma babu tara ga wadda ta saɓa. Najeriya ta ce nan da 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa, alhali da kuɗin mai take rayuwa. A 2009 ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, ba a cika ba sai 2022, shi ma kaso mai yawa bashi ne. Manomin da ke ganin damina na masa wasa a Darazo ko Nafaɗa yana da dalilin ƙin yarda da alkawarin taro.

Akwai kuma dukiyar da ba ta duniya duka ba ce, ta wasu ƙasashe ce 'yan kaɗan, mutane kan haɗa ta da waccan. Koguna ke nan, kuma su suka fi shafar mu. Kogin Jama'are yana haɗuwa da na Haɗeja su zama Komadugu Yobe su zuba a Tafkin Chadi, wanda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa wa hukuma a 1964. Shi ya sa maganar dam ɗin Kafin Zaki da ake son ginawa a kan kogin Jama'are ba ta Bauchi kaɗai ba ce: ruwan da aka tare a nan, masunta da manoman fadama na Yobe da Borno ne za su rasa shi, kuma sun daɗe suna faɗin haka.

Gongola kuwa, bayan ya wuce dam ɗin Dadin Kowa, a Numan yake shiga Binuwai, Binuwai ya haɗu da Neja a Lokoja. Wannan ya sa Gombe tana cikin yankin Hukumar Kogin Neja mai ƙasashe tara, wadda hedikwatarta ke Yamai. Hukumar na tattara bayanan ruwa tana haɗa ƙasashe su zauna, amma ba ita ke riƙe da makullin dam ɗin kowa ba. A 2012 da 2022, sakin ruwa daga dam ɗin Lagdo na Kamaru ya haɗu da mamakon damina, ambaliya ta ci garuruwa tun daga Adamawa har Bayelsa. Dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara Najeriya za ta gina a Adamawa don tare wannan ruwa, har yanzu ba a kammala shi ba.