Ɓacewar Abokin Nutso a Ƙarƙashin Ruwa

Ɓacewar abokin nutso na faruwa ne idan mutum biyu masu ɗauke da tulun iska suka shiga ruwa tare, sannan ɗaya ya daina ganin ɗan'uwansa. Nutso da tulun iska ya bazu a duniya bayan Jacques Cousteau da Émile Gagnan sun ƙera na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa mai suna Aqua-Lung a Faransa a 1943. Ƙungiyoyin horarwa irin su PADI, da aka kafa a Amurka a 1966, da BSAC ta Ingila, da aka kafa a 1953, suna koyar da shiga ruwa bibbiyu domin kowa ya zama idon abokinsa, ya kuma ba shi iska idan tasa ta ƙare.

Ƙa'idar da aka fi koyarwa gajeriya ce: a nemi abokin na tsawon minti ɗaya kawai, idan ba a gan shi ba a hau sama. A cikin wannan mintin mai nutso yana tsayawa wuri guda, ya juya ya duba kowace kusurwa, ya ɗaga kai ya nemi kumfar numfashin ɗan'uwansa, ya ƙwanƙwasa tulunsa da ƙarfe, tunda sauti na tafiya a ruwa fiye da sau huɗu saurinsa a iska. Da fitila ma ana haskawa.

Mutane kan karya wannan ƙa'ida, kuma dalilin a bayyane yake. Zuciya ba ta yarda a bar ɗan'uwa a ƙasa. Sai dai wanda ya ci gaba da neman yana ƙona iskarsa, yana ƙara nisa, sau da yawa kuma abokin ya riga ya fito yana jiransa a sama. Idan kuwa da gaske yana cikin hatsari, ceto na buƙatar mutane da kwale-kwale da igiya, kuma ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Mutum ɗaya a cikin duhun ruwa ba zai iya wannan aiki ba.

Hawan ma da nasa sharaɗin. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsin da ya kai na iskar duniya, don haka iskar da ke huhu a mita 10 tana ninka girmanta kafin a iso sama. Wanda ya riƙe numfashi yana hawa zai iya fasa huhunsa. Gaggawa kuma na sa sinadarin naitirojin ya yi kumfa a jini da gaɓoɓi. PADI ta kayyade kada a wuce mita 18 a minti, da yawa kuma suna hawa da rabin wannan saurin.

Da an fito, sai a hura rigar iska mai hana nutsewa, a ɗaga alama mai launi da ake hangowa a kan ruwa, a yi kira, a riƙe lokaci da wurin da aka ga abokin na ƙarshe. A Najeriya lambar gaggawa ita ce 112.

A Kano babu teku, amma akwai ruwa mai zurfi: madatsar Tiga, da Challawa a Ƙaraye, da kududdufan cikin birni inda jami'an hukumar kashe gobara ke yawan ciro mutane. Ruwan nan gurɓatacce ne da laka, musamman da damina, har mutum ya kasa ganin tafin hannunsa. A ƙasa akwai kututturan itatuwa da tsofaffin tarun masunta da ke sarƙe ƙafa, kusa da ƙofofin dam kuma ruwa na ja da ƙarfin da babu gwanin da zai iya da shi. Shi ya sa a irin wannan ruwa ake haɗa abokai da gajeriyar igiya, ko a ɗaura wa mai nutso igiya wani ya riƙe daga sama, a yi magana da fizga, kowa kuma ya riƙe wuƙa.

Akwai wani abu da bai kamata mai nutso a Kano ya manta ba. Birnin yana kusan mita 500 sama da teku, alhali jadawalin da aka saba amfani da shi, mai nuna tsawon lokacin da mai nutso zai iya yi a kowane zurfi, an tsara shi ne don wuraren da ba su wuce mita 300 ba. Dole a gyara lissafi ko a saita kwamfutar nutso, wato na'urar da ke yi wa mai nutso wannan lissafin, sannan tun a bakin ruwa abokan su yi ittifaƙi kan zurfi, da lokaci, da abin da kowa zai yi idan suka rabu.