Sauya ƙotar guduma

Sauya ƙotar guduma shi ne cire ƙotar itace da ta karye, ta tsage ko ta fara girgiza, a sa wata sabuwa a ramin kan ƙarfen. Kan guduma yakan daɗe har a gaje shi, ƙota ce ke shan wuya, don haka guduma ɗaya takan ci ƙota da yawa kafin a yi watsi da ita. Aikin kusan iri ɗaya ne a gudumar kafinta mai cire ƙusa, da ta maƙeri, da babbar nan ta fasa dutse.

Tarihi

Gudumar farko ba ta da ƙota. Duwatsun bugu da aka tono a Lomekwi, kusa da tafkin Turkana a Kenya, an ƙiyasta sun kai shekara miliyan 3.3, kuma a tafin hannu ake riƙe su. Ɗaura dutse a jikin sanda da fata ko jijiyar dabba ya zo ne can daga baya. Wasu na cewa wajen shekara 30,000 kafin Miladiyya, amma da yake itace da fata ruɓewa suke yi, kintace ne kawai. Babban sauyi ya zo ne da aka fara huda kan kansa a zura sanda a ciki. An yi haka da dutse a Turai tun kafin ƙarfe ya wadata, aka ci gaba da tagulla, sannan baƙin ƙarfe. Romawa sun riga sun mallaki guduma mai cire ƙusa da ba ta da nisa da ta yau.

Matsalar da ta daɗe tana damun masu sana'a ita ce kan ya fice ana tsakiyar aiki. Ana danganta maganinta ga David Maydole, wani maƙeri a garin Norwich na jihar New York a Amurka, wanda wajen shekarar 1840 ya ƙera guduma mai dogon wuya a bakin ramin, yadda ƙarfe zai kama itace da yawa. Gudumomin kafinta masu ƙotar itace har yau a kan wannan siffa suke. Kamfanin Estwing, da aka kafa a garin Rockford na Amurka a 1923, ya shahara da gudumar da kai da ƙota duk ƙarfe ɗaya ne, kuma a tsakiyar shekarun 1950 ƙotar zaren gilashi ta shiga kasuwa. Duk da haka itace bai kau ba, domin yana shanye girgizar bugu kafin ta isa gwiwar hannu, kuma shi ne mafi sauƙin sauyawa.

Itacen ƙota

A Amurka ta Arewa itacen hikori ne kan gaba saboda juriyar bugu, a Turai an fi sabawa da itacen ash, a Japan kuma farin itacen ok. Ko wane iri ne, ana son ya bushe sarai, zarensa ya tafi miƙe daga wannan kai zuwa wancan, ba tare da gaɓa ba. Ɗanyen itace yana motsewa bayan an sa shi, sai kan ya saki. Akwai saɓani kan ko farin hikori ya fi ja ƙarfi. Gwajin hukumar gandun daji ta Amurka bai nuna bambanci ba.

Yadda ake yi

Ana yanke tsohuwar ƙota da zarto dab da ƙarƙashin kai. Guntun da ya rage a rami sai a huhhuda shi don ya sassauta, a buge shi daga ƙasa ya fita ta sama. Wasu kan jefa kan cikin wuta don itacen ya ƙone, hanyar da ke ɓata guduma: zafi yana kashe taurin da aka ba ƙarfen, fuskar ta koma tana lotsewa.

Ramin yawancin gudumomi ba miƙaƙƙe ba ne. Yana da ƙunci a tsakiya da faɗi a baki biyu, kamar kalangu, kuma a nan sirrin riƙon yake. Ana rage kan sabuwar ƙota da magagari kaɗan-kaɗan, ana gwadawa; inda ƙarfe ya bar baƙin tabo, nan ne ya matse, nan za a ƙara gogewa. Gaggawa a wannan mataki ita ke jawo mafi yawan ɓarna, tunda abin da aka rage ba ya dawowa. Sannan a tsaga kan ƙotar da zarto, zurfin kamar kashi biyu cikin uku na ramin.

Ba a bugun kan ƙarfe don ya zauna. Ana kifa gudumar a riƙe ta a iska, a riƙa bugun gindin ƙotar da gudumar itace, nauyin kan ne zai sa ya hau da kansa. Idan ya zauna daidai, sai a kafa wejin itace, wato ɗan guntu mai siririn baki da kaurin gindi, a cikin tsagar, da gam ko babu, ya buɗa itacen ya cika faɗin bakin rami. Ana yanke rarar, a bar kamar milimita 2 ko 3, a kafa ƙaramin wejin ƙarfe a karkace ya gitta na itacen. Cusa ƙusoshi a madadin weji yana tsaga ƙota ne kawai. Gudumomin gargajiya na Japan sau da yawa ba a sa musu weji ko ɗaya.

Kulawa

Jiƙa guduma a ruwa idan kai ya fara rawa maganin ɗan lokaci ne. Itacen yana kumbura, ƙarfe ya murƙushe zarensa, da ya bushe sai ya fi da sakewa. An fi son shafa wa ƙota man linsid, wani man tsiro da itace ke sha, maimakon fenti mai sheƙi, wanda ke sa hannu ya yi bororo. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi aka ajiye.

Masu tara tsofaffin kayan aiki sukan fi son guduma da ƙotarta ta asali, ko da ta tsage, masu aiki da ita kuwa sauyawa suke yi.