Oksikodon mai narkewa a hankali

Oksikodon mai narkewa a hankali ƙwayar magani ce daga dangin ofiyom, dangin su mofin da kodin, wadda ake ba mai fama da matsanancin ciwo da ba ya lafawa dare da rana, bayan sauran magungunan raɗaɗi sun gaza. An fi saninta da sunan kasuwa na OxyContin. An haɗa ƙwayar yadda za ta riƙa sakin maganin kaɗan-kaɗan cikin kusan awa 12, saboda haka sau biyu ake shan ta a rana, a kan ƙayyadadden lokaci. Ba a yi ta don ciwon kai, ciwon haƙori ko zogin da ke zuwa ya wuce ba.

Tarihi

Masana kimiyya biyu, Martin Freund da Edmund Speyer, su suka fara haɗa oksikodon a Jami'ar Frankfurt ta Jamus a 1916, daga wani sinadari da ake samu a cikin ofiyom. Burinsu shi ne a sami maganin da zai kashe ciwo kamar mofin ba tare da ya kama jikin mai sha ba, burin da bai cika ba. An fara ba marasa lafiya shi wajen 1917, kuma an daɗe ana sayar da shi a Jamus da sunan Eukodal. Ya shiga kasuwar Amurka a 1939.

Dabarar sakin magani a hankali da aka gina wannan ƙwayar a kanta daga Birtaniya ta fito. Kamfanin Napp ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, sannan wajen farkon shekarun 1980 ya fitar da mofin mai wannan tsari. Wannan ya zo daidai da aikin Cicely Saunders, wata likita 'yar Ingila, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, take kuma koyar da cewa kada a jira sai mai ciwon daji ya fara kururuwa kafin a ba shi magani, a ba shi a kan lokaci tun ciwon bai dawo ba. Da mofin ɗin da aka saba, sai an tashi majiyyaci kowace awa 4. Da sabuwar ƙwayar kuwa, yana iya yin barcin dare cur, masu jinyarsa ma su runtsa. Ga mutumin da ciwon daji ya ci masa ƙashi, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da OxyContin a Disambar 1995, kamfanin Purdue Pharma na iyalan Sackler ya fara sayar da shi a 1996. Takardar bayanin farko ta ce ana ganin jinkirin narkewar yana rage yiwuwar a mai da shi kayan maye. A kan wannan magana aka tallata shi wa likitoci don ciwon baya da na gaɓoɓi. Ba a daɗe ba masu shaye-shaye suka gane cewa da an niƙa ƙwayar, duk maganin awa 12 yana fita lokaci guda. A 2001 aka cire wancan bayani, aka kuma daina fitar da ƙwaya mai miligiram 160. A 2007 kamfanin da wasu manyan jami'ansa uku suka amsa laifin yi wa maganin bayanin da ba daidai ba, aka ci su tarar sama da dala miliyan 600. A 2010 aka sauya haɗin ƙwayar ta zama mai wuyar niƙawa, mai yin yauƙi idan ta sha ruwa. Kamfanin ya nemi kariyar kotu a matsayin wanda ya karye a 2019.

Ko maganin yana kai awa 12 ga kowa, har yanzu ana saɓani a kai.

Yadda ake shan sa

Ana haɗiye ƙwayar ɗungurungum, ɗaya bayan ɗaya, da isasshen ruwa. Ba a tauna ta, ba a raba ta, ba a daka ta, ba a jiƙa ta, ko da majiyyacin yana wahalar haɗiya. A irin wannan hali likita ake gaya wa ya sauya wani nau'in. Wanda lokacin shan sa ya wuce masa ba ya haɗa biyu don ramuwa. Idan ciwo ya taso a tsakani, akan rubuta wani maganin mai saurin aiki daban. Wasu sukan ga ɓawon ƙwayar a bayan gida su ɗauka ba ta yi aiki ba, alhali maganin ya riga ya shiga jiki.

Manyan ƙwayoyi, masu miligiram 60 da 80, na waɗanda jikinsu ya riga ya saba da irin wannan magani ne kaɗai. Abin da ke kwantar wa wani ciwo yana iya tsayar da numfashin wanda bai taɓa sha ba, shi ya sa ba a sam wa kowa, ko da ɗan'uwa ne mai irin ciwon. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ƙaramin yaro. A kulle ake ajiye shi, ragowar kuma a mayar wa mai harhaɗa magani.

Illoli da haɗari

Taurin bayan gida shi ne ya fi yawa, kuma ba ya raguwa da sabo, don haka akan haɗa da maganin sassauta ciki tun farko. Tashin zuciya, jiri, ƙaiƙayi da gyangyaɗi sukan lafa bayan 'yan kwanaki. Ba a tuƙi sai an ga yadda maganin ke yi wa mutum.

Babban haɗari shi ne raunin numfashi, musamman a kwana ɗaya zuwa uku na farko ko bayan an ƙara yawan maganin. Barasa, magungunan barci da na kwantar da hankali irin su diyazifam suna ninka wannan haɗari. Wasu magungunan ƙanjamau da na ƙwayoyin cuta suna sa oksikodon ya taru a jini, rifamfisin na tarin fuka kuma yana rage masa ƙarfi. Tsofaffi da masu asma ko ciwon hanta ko ƙoda suna buƙatar ƙarin kula. Mai cikin da ta daɗe tana sha, jaririnta yakan zo da alamun rashin maganin.

Alamun ya yi yawa su ne barcin da ake tashin mutum ba ya tashi, numfashi jefi-jefi ko minshari mai gargada, ƙwayar ido ta tsuke, leɓe da farce su sauya launi. Ana kwantar da shi ta gefe a nemi asibiti nan take. Wani magani mai suna naloksan yana karya aikin oksikodon cikin mintuna, sai dai ƙarfinsa yana ƙarewa alhali ƙwayar tana ci gaba da narkewa a ciki, don haka farfaɗowar farko ba ta hana zuwa asibiti.

Jiki yana sabawa da maganin ko da an bi ƙa'ida. Yanke shi kwatsam yana kawo gumi, zawo, ciwon jiki da rashin barci, shi ya sa likita ke rage shi sannu a hankali. Wannan sabo daban yake da jaraba, inda mutum ke neman maganin ido rufe duk da ɓarnar da yake yi masa. Tsoron jaraba bai kamata ya sa a bar mai ciwon daji cikin azaba ba.

Doka

Oksikodon yana cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa wa takunkumi mai tsanani. Ba a bayar da shi sai da takardar likita.