Gojira: daga bakin tekun Ondres zuwa tagogin gidan yarin Paris

Har yau ba a gama cacar baki a kan 'yan mintunan nan ba. Daren Juma'a 26 ga Yulin 2024, ruwan sama na zuba a Paris, ana bikin buɗe wasannin Olamfik a kan kogin Seine, sai kyamara ta juya kan wani tsohon gini da ake kira Conciergerie. A taga ga wata mata cikin jar riga, ta riƙe kanta a hannu, kan kuwa yana rera waƙa. Kafin mai kallo ya gama sallallami ganguna suka ɓarke, wuta ta tashi, sai ga maza huɗu kowanne a kan ɗan dandamalinsa a jikin bango, suna kiɗa kamar za su rushe ginin. Aka rufe da jajayen ƙyallaye da suka feso sama kamar jini. Su ne Gojira, ƙungiyar makaɗa daga Faransa, kuma su ne makaɗan metal (kiɗa mai ƙarar jita da ganguna) na farko da suka taɓa wasa a bikin buɗe Olamfik.

Washegari duniya ta ɗauka. Wasu suka ce bautar Shaiɗan ce aka yi a bainar jama'a. Wasu Faransawa, har da 'yan ɓangaren hagu, suka ce bai dace ƙasar da ta soke hukuncin kisa tun 1981 ta yi ado da kan macen da aka fille ba. Wasu kuma suka ce ai tarihinsu ne: a wannan ginin aka tsare sarauniya Marie Antoinette, wadda matar tagar ke kwaikwayo, kafin a kashe ta ranar 16 ga Oktoban 1793, waƙar da aka rera kuma ta 'yan juyin juya hali ce tun 1790. A wayoyinmu nan gida abin ya cakuɗe da wani sashen bikin na daban, wanda limaman Kiristoci da jami'ar Azhar suka yi tir da shi, har mutane da dama suka ɗauka duk aikin mutum ɗaya ne. Babu hannun Gojira a wancan sashen. Da suka ci Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a Fabrairun 2025 da wannan wasan, tare da mawaƙiya Marina Viotti da mai tsara kiɗa Victor Le Masne, sai gardamar ta sake tashi.

Abin da nake gani shi ne, masu zagi da masu yabo duk sun kama reshe. Suna magana kamar daren nan ne aka haifi siyasar waɗannan mutane. Wanda ya bi sawunsu ya san fille kan sarauniya shi ne abu mafi nisa da abin da suka shafe shekara kusan 30 suna faɗa.

Farkon labarin sananne ne, ba sai an ja shi ba. Kiɗan metal mai zafin baki ba baƙo ba ne a Faransa: ƙungiyar Trust, wadda aka kafa a 1977, ta riga ta buɗe hanya da waƙarta Antisocial a 1980. Gojira kuwa a 1996 suka fara, a Ondres, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin ƙasar kusa da Bayonne. Wa da ƙane ne ginshiƙinta, Joe Duplantier mai waƙa da jita, da Mario mai ganguna, wanda a lokacin bai wuce shekara 15 ba. Christian Andreu na tare da su tun farko, Jean-Michel Labadie ya shigo a 1998, kuma daga nan ba a sake canza kowa ba, abin da ba kasafai ake gani a wannan sana'a ba. Godzilla, sunan dodon nan na finafinan Japan, suka fara kiran kansu, sai maganar haƙƙin mallakar suna ta tilasta musu komawa Gojira a 2001, wato asalin sunan dodon a harshen Japan. Kundi biyu na farko, a 2001 da 2003, bai kai su nesa da gida ba. Daga baya aka ga sun share wa shahararriyar ƙungiyar metal ta Amurka, Metallica, fage a 2009, aka sa su takarar Grammy a 2017. Wannan shi ne tarihin da jaridu ke maimaitawa.

Akwai abin da ke cikin sunan da ba a cika lura da shi ba. Kalmar Gojira haɗin kalmomi biyu ce na Japananci, ɗaya goggon biri, ɗaya kifin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan mai shayar da 'ya'yanta nono. Yankin da suka tashi ma yana da tsohuwar alaƙa da wannan dabba. Mutanen Basque, al'ummar da ke zaune a wannan gaɓa, sun yi ɗaruruwan shekaru suna farautarta a wannan teku, har tambarin garin Biarritz, da ke 'yar tafiya kaɗan daga Ondres, yana ɗauke da hoton maharba cikin kwale-kwale suna bin ta. Yanzu sai dai hoton. A farkon 2003 kuma baƙin man da ya tsiyaye daga jirgin dakon mai Prestige, wanda ya nutse a gaɓar Sifen, ya iso rairayin wannan yanki. Wanda ya girma yana taka wannan yashi ba ya buƙatar a karanta masa gurɓatar muhalli a littafi. Joe kansa ya taɓa yin kusan shekara biyu a wata bukka da ya gina cikin daji, babu lantarki.

Don haka da suka fitar da kundinsu na uku, From Mars to Sirius, a 2005, bangon ya faɗi komai: farin kifin wel yana shawagi a sararin samaniya, kuma Joe ne ya zana da hannunsa. Waƙar da ta fi shahara a ciki, Flying Whales, ba da hargowa take farawa ba. Kukan dabbar ake fara ji, siriri, daga nesa, jita na bin sa a hankali na tsawon lokaci, kafin kiɗan ya faɗo kamar an sake dutse daga saman tsauni. Har gobe idan za su kaɗa ta, masoya kan zo da kifayen roba da aka hura wa iska su riƙa cilla su a kan taron. A 2008 suka yi waƙa sukutum a kan tarin leda da robobin da ke yawo a tekun Pasifik. To amma waƙa a kan muhalli ba wani abin a zo a gani ba ne, mawaƙa da yawa sun yi sun wuce abinsu.

Inda hanya ta karkata, a ganina, shi ne wani aiki da bai ma fito ba.

A ƙarshen 2010 suka shiga situdiyo a Los Angeles don naɗar ɗan ƙaramin faifai mai waƙa huɗu. Niyyar ita ce duk abin da aka samu a miƙa wa Sea Shepherd, ƙungiyar da Paul Watson ya kafa a 1977, wadda ta yi suna wajen fita teku da jiragenta tana shiga tsakanin maharba da kifayen wel. Ba ƙungiya ce ta zama a ofis a rubuta takardar koke ba, kuma salonta ya daɗe yana raba kan jama'a: masu goyon baya na ganin jarumta, masu adawa na ganin ganganci da karya doka a tsakiyar teku. Mawaƙin da ke neman shiga kowane gida ba zai jingina da irin wannan ba. Su kuwa Gojira a lokacin ne ƙofar Amurka ta fara buɗe musu, lokacin da mai hankalin kasuwa zai ce a yi taka-tsantsan. Maimakon haka suka gayyato manyan abokan sana'a su sa murya, cikinsu har da Devin Townsend da Fredrik Thordendal na ƙungiyar Meshuggah.

Sai rumbun ajiyar kwamfutar da aka zuba aikin a ciki ya lalace. Duk wanda ya taɓa rasa aikin watanni a waya ko kwamfuta ya san yadda cikin mutum ke ɗurar ruwa a irin wannan rana. Waƙa ɗaya tak, Of Blood and Salt, ta kai ga kunnen jama'a a 2011. Shekara da shekaru masoya na tambayar ina sauran, har abin ya zama abin tsokana a tsakaninsu. Faifan dai bai taɓa fitowa yadda aka tsara shi ba.

A lissafin kasuwa asara ce. Amma duba abin da ya rage bayan waƙoƙin sun salwanta. Alaƙar ba ta salwanta ba. Suka riƙa ba 'yan Sea Shepherd wuri a zauren wasanninsu, a kafa teburi, a shimfiɗa riguna da takardun bayani, saurayin da ya zo jin ganguna ya fita da takarda a aljihu. Wannan ya fi faifai ɗaya tasiri, don kowane dare ake yi, gari bayan gari. Daga nan ne Gojira suka tashi daga masu waƙa a kan wata matsala suka zama masu ɗaukar nauyin wasu mutane takamaimai da ke fagen fama. Wani abin dariya ma, a daidai wannan lokaci Sea Shepherd na da jirgi mai suna Gojira, ba don makaɗan ba, don dodon. Shi ma maganar haƙƙin suna ta sa aka canza masa suna a 2011. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Ina ganin darasin wancan faifai ne ya fito fili shekara goma bayan haka. A 2021, da suka saki waƙar Amazonia kafin kundinsu na bakwai, Fortitude, ba su ce a jira cinikin faifai ba. Suka buɗe gwanjo da asusun gudummawa a intanet kai tsaye, abokan sana'a suka kawo jitoci da kayan kiɗa aka sayar, aka tara sama da dala dubu 300 aka ba ƙungiyar APIB mai kare haƙƙin 'yan asalin ƙasar Burazil. Babu rumbun kwamfutar da zai iya cinye wannan. A shekarar ne kuma wasu masana suka raɗa wa wasu tsofaffin halittun teku da aka tono daga cikin duwatsu sunayen makaɗan huɗu, karramawar da nake zaton ta fi musu daɗi a kan kofi.

Yanzu a dawo makon Olamfik. Ranar 21 ga Yulin 2024, kwana biyar kafin bikin, aka kama Paul Watson a Nuuk, babban birnin Girinlan da ke ƙarƙashin Denmak, inda jirginsa ya tsaya shan mai. Japan ce ke nemansa kan wata arangama da aka yi a tekun kudancin duniya a 2010, wato shekarar da Gojira suka shiga situdiyo don wancan faifai. Kenan a daren da duniya ke kallon su a jikin bangon tsohon gidan yari, mutumin da suka daɗe suna mara wa baya yana cikin gidan yari na gaske. Da aka tambayi Joe batun Shaiɗan, ya amsa a taƙaice cewa tarihin Faransa ne. Hankalinsa na wani wuri. Sabon sunan da bikin ya ba shi, kan maganar Watson ya yi amfani da shi: ya yi ta kira a sake shi, ya je har Kopenhagen, babban birnin Denmak, aka yi zanga-zangar lumana da shi. Ranar 17 ga Disambar 2024 hukumomin Denmak suka yanke shawarar ba za su miƙa Watson ba, aka sake shi bayan kusan wata biyar.

Mutum na iya ƙin wasan Conciergerie, kuma da hujjarsa. Ni ma ban ga abin sha'awa a kan da ke waƙa a hannun mai shi ba. Sai dai bikin na masu shirya shi ne, gayyatar su aka yi, har ma da Faransanci suka rera, su da kusan duk waƙoƙinsu da Ingilishi suke. Wanda ke son ya yi jayayya da Gojira a kan abin da yake nasu, teku zai nufa. Zai tambaya ko daidai ne a shiga gaban jirgin wani da sunan kare dabba, ko mutanen da kamun kifi ne abincinsu suna da ta cewa, ko makaɗin da ke yawon duniya a jirgin sama yana da bakin yi wa wasu wa'azin hayaƙi. Tambaya ta biyun ma a ƙofar gidansu take: a Janairun 2024 Faransa ta hana manyan jiragen kamun kifi fita na wata guda a wannan teku da ke gaban Ondres, saboda yawan dabbobin dolfin da ke mutuwa cikin raga, masunta kuma suka ce an taɓa musu tukunya.