Teburin Mai Shayi a Legas

Teburin mai shayi wuri ne na sayar da abinci mai saurin haɗawa a bakin titi, inda ake samun shayi, burodi, wainar ƙwai da taliyar Indomie, a dafa a gaban mai saye cikin 'yan mintuna. A Legas kusan duk masu wannan sana'a Hausawa ne ko masu jin Hausa, daga Sakkwato, Kabi, Katsina, Zamfara da Kano, da kuma mutanen Nijar na yankunan Tawa, Maraɗi da Dosso. Yarbawa da sauran mazauna birnin ma da sunan Hausa suke kiransa, sai dai su gajarta shi ya koma "meshai". Ga ɗan ci-rani da ya bar iyalinsa a Arewa, teburin nan shi ne madafarsa, shi ne kuma zaurensa.

Inda ake samunsa

Zaman Hausawa a Legas ya daɗe. Tun 1863 Gwamna Glover, Baturen mulkin mallaka, ya kafa rundunar da aka san ta da sunan Hausawa, kuma tarihin unguwar Obalende yana haɗe da zaman sojojin Hausa. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, fataucin goro da shanu ya ƙara cika Agege da 'yan Arewa. Yau tebura sun fi yawa a inda aiki ba ya tsayawa da dare: Zangon Agege da mayankar Oko-Oba, kasuwar Mile 12 da ake sauke tumatir da albasa da tattasai tun kafin asuba, Idi-Araba, Ijora, da layukan tirela na Apapa. A unguwannin masu kuɗi kamar Ikoyi da Lekki ma ba a rasa shi a kusurwar layi, domin masu gadi da direbobi da leburorin gini sai sun ci.

Ciniki kashi biyu ne. Na safe yakan fara bayan sallar asuba ya ƙare wajen goma. Na dare yakan fara daga magariba, ya kai sha biyu ko ɗaya, a tashoshin mota kuwa har gari ya waye.

Kayan aiki

Tebur ne mai tsawo, da benci biyu ko uku a kewaye. A tsakiya ake jera gwangwanayen Milo, Bournvita, Nescafé, madarar Peak da Three Crowns, da kwalin Lipton, su yi tsini kamar dala. Wannan jeri shi ne allon tallan mai shayi, daga nesa ake hango shi. Burodi yana gefe cikin ledarsa, kiret ɗin ƙwai mai cin talatin yana nesa da wuta. Wuta biyu ake bukata. Ɗaya kurfoti ne na gawayi da babbar tukunyar ruwan shayi ke zaune a kai, ɗayar kuma ta suya ce. A da risho ne, amma tsadar kananzir ta sa yawancinsu sun koma ƙaramar tukunyar gas. Sai kasko biyu, ɗaya na ƙwai ɗaya na taliya, da rariyar tace shayi, manyan kofuna, wuƙa mai kaifi, da bokiti biyu na wanki da ɗauraya. Wanda ya yi amfani da kasko ɗaya wajen ƙwai da taliya yana jawo wa kansa matsala: sitacin taliya yakan kama ƙasan kasko, daga nan duk wainar da aka zuba sai ta manne ta yage.

Haɗa shayi

Ruwan da ke cikin babbar tukunya ba ruwa ne zalla ba. Akan jefa busasshiyar citta da aka daddaka, kanumfari, wani lokaci da masoro ko na'ana'a. Ga lita goma na ruwa, citta cikin tafin hannu ɗaya da kanumfari cokali ɗaya sun isa. In kanumfari ya yi yawa sai ya danne komai ya bar ɗaci a maƙogwaro. Ganyen shayi shi ne abin lura. In aka bar shi yana tafasa tun asuba har hantsi, ruwan zai yi baƙi ya yi bauri, kuma yawan sukari ba ya gyara shi. Masu sanin aiki sukan bar tukunya da kayan ƙamshi kawai, su sa ganye a ƙaramar buta kaɗan-kaɗan, ko su tsoma ƙullin Lipton ɗaya a kofin mai saye na minti biyu zuwa uku.

Shayin da ba madara shi ake kira ruwan bunu, wasu su matsa masa lemun tsami. Wanda ya sha madara da Milo har cokali ke jin nauyinsa shi ne haɗin kauri. A babban kofi akan zuba Milo ko Bournvita cokali biyu, madarar gari cokali biyu zuwa uku ko sulusin gwangwanin madarar ruwa, da sukari gwargwadon bukatar mai sha. Daga nan ne aka samo maganar nan da ake yi wa mai taurin kai, cewa zai gane shayi ruwa ne, madara ake sa masa ya yi kauri.

Madarar gari ba a zuba ta kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, gudaji take yi. Sai an dama ta da ruwa kaɗan tukuna, sannan a cika kofin. Bayan haka mai shayi ya ɗauki kofi biyu ya riƙa shiƙa shi daga wannan zuwa wancan, yana ɗaga hannu sama har zaren shayin ya kai kamu biyu ba tare da ɗigo ya zuba ba. Sau huɗu ko biyar ya isa. Wannan ba burga ba ce kawai: yana narkar da sukari, yana rage zafi yadda mai sauri zai iya kurɓa nan take, yana kuma tada kumfa.

Abubuwa uku ke tsinka shayi. Lemun tsami in ya haɗu da madara. Ɗanyar citta, wadda ke da sinadarin da ke daskarar da madara, shi ya sa busasshiya ta fi. Sai gwangwanin madarar da aka huda tun safe aka bari cikin zafin Legas har dare. Ruwa ma yana da nasa. A wasu unguwannin da ke kusa da teku ruwan burtsatse yana da gishiri-gishiri ko tsatsa, kuma ruwa mai ƙarfe in ya haɗu da ganyen shayi baƙi ƙirin yake komawa. Mai shayin da ya san haka yakan zaɓi ɗan garuwan da zai riƙa kawo masa ruwa daga wuri ɗaya amintacce. Damshin iskar birnin kuma, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, yana dunƙule sukari da Milo in ba a rufe gwangwani da kyau ba.

Ƙwai, burodi da taliya

Wainar ƙwai biyu tana cin kwatan albasa, attaruhu ɗaya, ɗan tumatir, rabin dunƙulen Maggi da gishiri ɗan kaɗan. A kaɗa a kofi da cokali mai yatsu har ya yi kumfa, a zuba mai cokali ɗaya ko biyu a kasko, a jira ya yi zafi. In man bai yi zafi ba wainar ta sha mai ta yi nauyi. In ya wuce kima gefe ya ƙone ciki bai nuna ba. Tumatir in ya yi yawa ruwansa ba ya barin wainar ta haɗe. Ƙwararre ba ya fasa ƙwai kai tsaye kan yankakkiyar albasa, sai ya fasa a wani kofi dabam, don ruɓaɓɓe ɗaya kan lalata haɗin gaba ɗaya. Wanda ake shakkarsa a tsoma shi a ruwa: in ya taso sama ya tsufa.

Burodin da aka fi amfani da shi shi ne wanda ake kira burodin Agege, mai laushi da danƙo, wanda ba a yayyanka ba. Gasa burodi na kasuwa a Legas ana danganta bunƙasarsa da Amos Shackleford, mutumin Jamaika da ya zo birnin a 1913. Mai shayi yakan tsaga burodin ta tsakiya, ya shafa Blue Band ko Bama, ya shimfiɗa wainar a ciki, sannan ya mayar da shi kasko ya danne da ƙasan kofi ko da faranti har ya yi faɗi, bayansa ya yi ja. Wannan dannewar ita ce sirrin abin, ita ce kuma ke sa mutumin da ke da girki a gida ya ji kwaɗayin na bakin titi ya taso masa da dare. Burodin kwana biyu ma in an danne shi haka yana dawowa, amma wanda ya fara fumfuna sai zubarwa.

Indomie asalinta daga Indunusiya take. Ta shigo Najeriya a ƙarshen shekarun 1980, aka kuma fara yin ta a Ota ta jihar Ogun, dab da Legas, a tsakiyar shekarun 1990. Tun daga nan ta zama rabin cinikin tebur. Ƙaramar leda mai giram 70 ruwa kaɗan take so, kamar ƙaramin kofi ɗaya, a jefa albasa da attaruhu tun ruwan bai tafasa ba, a karya taliyar biyu, a zuba garin ɗanɗanonta, a bar ta minti uku a wuta mai ƙarfi ba tare da rufi ba. Ana so ruwan ya ƙafe daidai lokacin da ta nuna. Yawan ruwa ke sa a daɗe ana jira ta caɓe, yawan juyawa kuma ke sa ta dame. Mai son soyayyiya, sai a tsame ta da sauran ƙarfinta, a soya da ƙwai a kasko. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙara Maggi a kan garin da ke cikin ledar, gishiri ya yi yawa.

Legas tana da manyan gidajen abincin gaggawa tun tuni: Mr Bigg's ya buɗe a Marina a 1986, Tantalizers a Festac a 1997, Chicken Republic a Apapa a 2004, KFC kuma ya iso a 2009. Ba su kashe teburin mai shayi ba, domin a nan mai saye ne ke faɗin yadda yake so yana kallo. "Malam, ƙwai biyu, a rage yaji, kar a sa tumatir." Kuma a nan ake ba da bashi, a rubuta a ƙaramin littafi har ƙarshen wata.

Hira, karatu da talabijin

Benci shi ya bambanta mai shayi da mai ƙosai ko mai tsire. Wanda ya zauna sai ya yi magana. Rediyo ce ta fara mallakar teburin: Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, Muryar Jamus, Muryar Amurka, da RFI Hausa wadda ta fara a 2007 daga nan Legas ɗin. In an fara labarai hira takan tsaya, in an gama a ɗora sharhi.

Karatu a tebur na tarayya ne. Jarida ɗaya takan zaga hannu goma, mai karatu ya ɗaga murya don waɗanda ajami kawai suka iya. Dattawa suna tuna Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da yadda takan iso Legas bayan kwanaki amma a karance ta tas. Littafinsa Magana Jari Ce har yanzu shi ne ma'aunin da ake gwada iya Hausa da shi a irin wannan zama. Ƙananan littattafan soyayya na Kano, da suka yi tashe daga shekarun 1980, direbobi da fatake ne ke sauko da su, masu gadi su raba dare da su. Yanzu yawancin karatun ya koma waya, a WhatsApp da Facebook, wasu kuma su kunna littafin da wani ya karanta da murya su sa a kunne.

Hirar talabijin ta da ita ce ta fi ɗaukar lokaci in manya sun haɗu. Tashar farko a Najeriya an buɗe ta a Ibadan a 1959, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, aka haɗe tashoshi ƙarƙashin NTA a 1977. Masu shekaru hamsin zuwa sama suna tuna akwati baƙi-da-fari mai ƙofa, tashar da ba ta buɗewa sai yamma, yaro a waje yana juya eriya ana ce masa "ya yi, tsaya nan", da ihun unguwa in NEPA ta dawo da wuta. Sunan da ba ya faɗuwa shi ne Samanja, wato Usman Baba Pategi, tsohon soja da ya rasu a Nuwamban 2023; Hausarsa ta bariki tana da daɗin ji musamman ga mutanen Legas, da suka saba da cakuɗa harsuna. Ana tuna Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu na Jos. Wanda ya tashi a Legas kuwa sai ya kawo wasan kwaikwayon nan na Turanci, The Village Headmaster, da aka fara a 1968, gardama ta tashi kan wane ya fi. Matasa nasu Arewa24 ce, wadda ta fara a 2014, da ƙwallon Ingila. Tebur da ke kusa da gidan kallo yakan ƙara kiret ɗin ƙwai a daren wasa.

Abin da ya sauya sana'ar

Hana acaɓa a manyan sassan Legas, a Fabrairun 2020 da kuma Yunin 2022, ya rage masu saye da yawa, don 'yan acaɓa na cikin manyan masu cin abincin dare. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tilasta wa masu shayi karɓar kuɗi ta waya, har ta zama al'ada a ga lambar asusu a rubuce jikin kwali an jingina da gwangwanin Milo. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya tada farashin kaya, sai madarar ƙulli ta ƙananan leda ta fara maye gurbin gwangwani, mai cin ƙwai uku ya koma ɗaya. A Janairun 2024 gwamnatin jihar ta haramta farar robar kumfa da ake zuba abinci, masu tafiya da taliya gida suka koma zuwa da kwanonsu ko sayen roba mai murfi.

A watan azumi tsarin yakan juye gaba ɗaya. Ba a fita da safe. Ana kafa tebur kafin magariba, a ƙara citta a tukunya don masu buɗa-baki sun fi son ruwan bunu mai yaji, a ɗan tsagaita lokacin tarawihi, sannan a sake hura gawayi wajen ƙarfe uku na dare saboda sahur, lokacin da burodi da haɗin kauri suka fi taliya tafiya.