Toshewar sinkin kicin

Toshewar sinkin kicin shi ne ruwan wanke-wanke ya ƙi wucewa ta fayif ɗin da ke ƙarƙashin sinki, ko dai ya tsaya cak ko ya dinga sauka a hankali yana ƙara kamar mai kurkure baki, wani lokacin ma har da wari. Matsala ce ta gidajen da ake wanke-wanke a cikin kicin, don gidan da ake wanke kwanuka a tsakar gida a watsa ruwan a kwata nasu toshewar daban ce. Kuma yawanci abin da ya toshe ɗin bai yi nisa ba, yana nan dab da ƙasan sinkin inda hannu ke kaiwa.

Yadda fayif ɗin yake

In ka buɗe kabat ɗin ƙarƙashin sinki zaka ga fayif ɗin bai miƙe ba, ya lanƙwashe ya yi ƙasa ya sake tasowa, ko kuma an sa wani abu mai kama da ƴar kwalba da ake kwance gindinta. Da gangan aka yi shi haka. Lanƙwasar tana riƙe ɗan ruwa kullum, ruwan nan shi ke tare warin sokawe da kyankyaso kar su hauro kicin. Dabarar tsohuwa ce, wani mai ƙera agogo ɗan Sukotilan mai suna Alexander Cumming ne ya yi mata rajista a 1775, shi don masai ma ya yi ta ba don kicin ba. To matsalar ita ce wurin da ruwa ke kwanciya nan datti ma ke kwanciya. Faɗin fayif ɗin sinki bai wuce milimita 40 ba a mafi yawan gidaje, wato inci ɗaya da rabi, ka ga ba wani wuri ne mai yawa ba.

Abin da ke kawo ta

Maiƙo ne uban tafiyar. Manja, man gyaɗa da aka yi suya da shi, man shanu, kitsen nama, duk suna shiga a narke tare da ruwan zafi sai in sun yi ƴar tafiya sun haɗu da sanyin fayif su daskare su manne a jikinsa, yau kaɗan gobe kaɗan har hanyar ta tsuke. Manja baya buƙatar wani sanyi sosai kafin ya yi kauri, duk mai ajiye shi a galan ya sani, shi ya sa lokacin hunturu sinki yafi yawan toshewa, bayan babbar sallah ma haka in an sha suyar nama.

Amma maiƙo shi kaɗai yakan daɗe bai rufe hanya ba, sai ya samu abokan tafiya. Ƙanzon tuwo da aka jiƙa, ragowar shinkafa da taliya da ke ci gaba da kumbura a cikin ruwa, kunu ko koko da ya kwana, ganyen shayi, ɓawon ƙwai, dusar wake in an wanke na alale ko ƙosai, da ɓurɓushin soson ƙarfe. Masu goge bayan tukunya da toka da yashi kuwa in a sinki suke yi to su suka fi saurin kiran filamba, don yashi nauyi gare shi, yana zuwa lanƙwasar nan yake zama baya gaba.

Wani lokacin kuma laifin aikin ne tun farko. Fayif ɗin da ke kai ruwa waje ya kamata ya ɗan gangara, kamar santimita 2 a kowace mita ɗaya, in an shimfiɗa shi a kwance ko an sa irin robar nan mai ƙwarya-ƙwarya da ake ja ta miƙe to datti zai dinga maƙalewa komai tsaftar matar gida.

Abin nan in ya taru a babban gari ba wasa bane. A 2017 an gano wani dunƙulen kitse da tarkace a magudanar ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Whitechapel a Landan, tsawonsa kusan mita 250 nauyinsa wajen tan 130, kuma daga sinkin gidaje da gidajen abinci da masai ya taru.

Yadda ake buɗewa

In ruwan yana tafiya amma a hankali, a fara da mai sauƙi. A kwashe ruwan da ya taru, a cire abin da ya maƙale a rariyar bakin sinkin, a zuba sabulun wanke-wanke na ruwa sannan a bi shi da ruwan zafi. Mai zafi fa, ba tafasasshe daga kan wuta ba, saboda fayif ɗin roba na PVC yana fara laushi in zafi ya haura digiri 60 kuma mahaɗarsa na iya saki.

In bai yi ba sai abin zuƙar nan na roba mai sanda. Ana barin ruwa ya rufe robar, a toshe ƴar ƙofar da ke saman sinkin da jiƙaƙƙen tsumma, in sinki mai gida biyu ne a toshe ɗayan, sai a dinga dannawa ana ɗagowa da ƙarfi. Da yawa suna mantawa da toshe ɗaya ramin sai iskar ta gudu ta can suce abin baya aiki.

Hanyar da tafi tabbas dai ita ce wadda mutane ke ƙyama, wato a ajiye bokiti a ƙasa a kwance lanƙwasar da hannu, a zazzage abin da ke ciki a wanke da tsohon buroshi a mayar. Na roba ko sufana baya buƙata. Warin ba daɗi kam, amma aikin mintuna ne, sai dai a lura da zoben robar da ke cikin mahaɗar kar ya faɗi, in babu shi yoyo zai dinga yi. In an kwance an ga ba komai to toshewar tana gaba, nan ne ake zura doguwar wayar nan mai murɗe-murɗe ana juyawa, ko a fita waje a buɗe murfin camba, wato ɗan ramin da fayif ɗin gida ke haɗuwa, a duba. Wayar mai aiki da lantarki irin ta manyan filamba wani Ba'amurke Samuel Blanc ne ya ƙera ta a 1933.

Haɗin bekin soda da binega da ake ta yaɗawa a intanet kumfa yake yi sosai har mutum ya ɗauka aiki ake, gaskiya ƙarfinsa kaɗan ne, yana dai rage wari.

Maganar kemikal

Kostik soda, wadda masu haɗa sabulu suka sani, ita ce tushen mafi yawan magungunan buɗe fayif da ake sayarwa. Tana cin maiƙo ta mayar da shi sabulu, tana kuma fitar da zafi in ta haɗu da ruwa. Tana aiki amma tana ƙona fata, in ta fallatsa a ido tana iya makantarwa, tana kuma cin alminiyom. In sinkin ya toshe gaba ɗaya aka zuba ta bata wuce ba, to yanzu an samu sinki cike da ruwa mai ƙuna kuma dole wani ya sa hannu ya kwance ƙasan, don haka duk wanda ya zuba ya faɗa wa filamba kafin ya taɓa. Ba a haɗa ta da asid, haka bilic irin su Hypo da Jik ba a haɗa su da asid ko binega, iskar kulorin ke tashi mai shaƙe mutum, ga kicin dama ba wata taga mai girma ba.

Rigakafi

Ƴar rariyar ƙarfe a bakin sinki, sannan a kankare kwano a kwandon shara kafin a wanke. Man da aka gama suya da shi a bari ya huce a juye a gwangwani ko roba. In kuma ana buɗewa yana sake toshewa duk bayan sati biyu, ko an ga ruwa na dawowa ta banɗaki a lokaci guda, to ba sinkin bane, babban fayif ne ko sokawe ya cika, wannan aikin filamba ne da masu motar kwashe masai.