Ɗaukar hoton tsuntsaye masu waƙa da gyaran launinsa

Ɗaukar hoton tsuntsaye masu waƙa reshe ne na hoton namun daji da ya shafi ƙananan tsuntsaye irin su kanari, gwara, marai, shaya da baiwar Allah, ana ɗaukarsu a inda suke rayuwa, ba a cikin keji ba. Masana suna kiran wannan rukuni Passeri, kuma nau'o'insa sun haura 4,000. Ƙanana ne, ba sa zama wuri ɗaya, ga son shiga duhun ganye, shi ya sa hotonsu ya fi na shamuwa ko balbela wahala.

Asali

A shekarar 1892 Cherry Kearton na Ingila ya ɗauki hoton sheƙar tsuntsu da ƙwai a ciki, hoton da ake lissafawa cikin na farko a wannan fage. Hotunan lokacin baƙi da fari ne. Fim mai launi na Kodachrome ya fito a 1935, kuma Eliot Porter na Amurka ya yi suna wajen ɗaukar ƙananan tsuntsaye da launi. Da kyamarar dijital ta zo, aikin launi ya tashi daga ɗakin wankin hoto ya koma kan kwamfuta, a hannun mai hoton.

A daji

Galibi ana amfani da gilashin jawo nesa mai tsawon milimita 400 zuwa 600, da saurin ɗauka na kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko fiye. Hantsi da la'asar sun fi tsakar rana kyan haske, kuma ido ake sa wa saiti, don in ido ya fito tar an samu hoto. Kunna wa tsuntsu kukan ɗan'uwansa a waya don ya fito, ko sare reshen da ya rufe sheƙa, abubuwa ne da ke wahalar da shi a lokacin ƙyanƙyasa, kuma babu hoton da ya kai a yi masa haka.

Gyaran launi

Kyamara ba ta san launin tsuntsu ba, hasken da ya faɗo mata take aunawa. A ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, hasken rana tsaka yana wajen 5,500, inuwa kuwa takan kai 7,000 ko fiye, sai hoto ya yi shuɗi-shuɗi. A ƙarƙashin bishiya ganye yana zuba kore a kan farin gashin cikin tsuntsu, a lokacin hunturu kuma hazo yana dusashe komai. Matakin farko shi ne daidaita fari: a nemi wani abu fari ko ruwan toka a hoton, a gyara shi har ya dawo yadda yake, sauran launuka su bi baya. Fayil na RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ya fi karɓar wannan gyara, domin yana riƙe bit (ma'aunin yawan bayanai) 12 ko 14 a kowane ɗigo, hoton JPEG da aka saba da shi kuwa 8 ne.

Ja da rawaya, waɗanda tsuntsu ke samu daga sinadarin karotin na abincinsa, su ne suka fi saurin lalacewa. Da an ƙara musu ƙarfi sai layin gashin ya ɓace, ƙirjin ya koma kamar an shafa fenti. Shuɗin shaya kuwa ba rini ba ne: tsarin gashin ne ke karya haske, don haka sheƙinsa yana sauyawa daga shuɗi zuwa shunayya gwargwadon inda rana take. Mai gyara ba shi da launi guda da zai ce shi ne na gaskiya, sai dai ya tsaya a kan abin da hasken wannan lokacin ya nuna.

Abin da ya sa wannan ya zama babban lamari ya bayyana a tsaunukan Jos. A 1998 Robert Payne ya bayyana wa kimiyya wani ɗan'uwan baiwar Allah mai zama a duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda ake gane namijinsa da jan baya, kai ruwan toka da baki mai shuɗi-shuɗi. Wani baƙin tsuntsu, Vidua maryae, yana saka ƙwai a sheƙarsa, yana kuma kwaikwayon kukansa. Mazan Vidua maryae da na 'yan'uwansa masu kama da shi duk baƙaƙe ne a lokacin ƙyanƙyasa, bambancinsu a ido ɗan sheƙi ne, kore ko shuɗi ko shunayya. Ɗan ƙaramin taɓi a manhaja irin Lightroom ya isa ya mayar da wani nau'in ya yi kama da wani. Shi ya sa masu bincike, irin na cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, suka fi dogara da kuka wajen tantance su, kuma hoton da za a sa a rumbun bayanan tsuntsaye na intanet mai suna eBird ya kamata launinsa ya zama shaida, ba ado ba.

Rage ƙura-ƙuran hoto, yanke gefe da ƙara haske kaɗan duk an yarda da su. Gasar hoton namun daji ta gidan tarihin halittu na Landan tana neman ainihin fayil ɗin da kyamara ta ɗauka kafin ta ba da kyauta. Hoton da za a ɗora a intanet kuma ana fitar da shi a tsarin launi na sRGB, wanda yawancin wayoyi da kwamfutoci ke nunawa daidai.